Ɗana Ba Ɗan Ga-ruwa Ba Ne

Har yau idan sanyi ya shigo Doha, ranar Juma'a tun kafin kiran asuba nake farkawa. Sai na miƙe zan ɗora ruwan zafi in cika fulas, sannan in tuna babu inda za ni. In koma in zauna a bakin gado ina jin haushin kaina. Shekaru na yi ina fita a irin wannan safiyar, kujerun bayan motata a kwance, keke a ciki, ɗan yayana a gefena yana cin ayaba da dabino, ko uffan ba ya ce mini saboda fargabar tsere.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, ina zaune a Abu Hamour kusa da kasuwar kayan miya. Yayana injiniya ne a harkar gas, gidansa yana Al Thumama. Yaron da nake magana a kai ɗan farinsa ne, kuma Yaya irin mutanen nan ne da ba su saki kunyar ɗan fari ba. Ba ya kiran sunansa, sai dai "yaron nan". Ba ya yabonsa, ba ya zama hira da shi, in kuwa magana ce mai nauyi to aike zai yi. Mutum ya yi karatu har ƙasar waje, yana ba Turawa umarni a wurin aiki, amma ya kasa ce wa ɗansa sannu da zuwa. Na yi masa tsiya har bakina ya gaji, ko a jikinsa. Matarsa ma tana kunyar yaron, sai dai tata da ɗan sauƙi. Ni kuma aurena bai yi tsawon rai ba, Allah bai ba ni nawa ba, sai yaron ya zama nawa. Duk abin da yake so a wurin ubansa ta bakina yake bi, amsar ma ta bakina take dawowa.

Ta haka maganar keke ta zo mini. Yana da wajen shekara goma sha biyu ya same ni a kicin ya ce, "Gwaggo, keke nake so." Na ce ai kana da keke. Ya ce ba irin wannan ba, mai siririyar taya, mai lanƙwasasshen kai, na tsere. Wai akwai yara a makarantarsu da ke fita da wani koci duk ƙarshen mako. Na kai wa Yaya magana, ya ce in dai ba zai taɓa karatu ba, oho. Muka je wani shago a Mesaimeer muka samo na hannu. Da mai shagon ya miƙo mini na ɗaga da hannu ɗaya, na ce wannan abin da ko buhun gawayi ba zai ɗauka ba shi ake tsuga wa kuɗi haka? Yaron ya ce, "Gwaggo don Allah ki rage murya."

Tseren farko da na kai shi, ban san komai ba. An tare wani titi a bayan gari, shimfiɗaɗɗe, babu tudu babu kwari, babu ko bishiyar da za ta kare mutum. Iskar arewa da suke kira shamal tana kaɗawa har sai da na ɗaure mayafina a ƙugu. Iyayen yara sun tsaya da kofunan shayin karak a hannu, Larabawa, Turawa, Indiyawa, kowa da kujerarsa ta naɗewa. Aka busa, yara suka tafi suka ɓace. Na zauna a mota ina jan carbi. Can sai na ji ana cewa ga su nan, ga su nan. Na fito, na hangi mutum ɗaya tilo a kan titi, baƙi, ƙato, ya kwanta a kan keke. Bayansa babu kowa. Wallahi ban san lokacin da na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba. Wani Bature da ke gefena sai da shayinsa ya zube. Yaron ya wuce layi, ya zagayo, ya ce, "Gwaggo, haba, a nan ba a yin haka." Na ce yau an fara.

Daga ranar kuma sai abin ya zama kamar an rubuta. Duk tseren da ya shiga, shi ne. Dabararsa ɗaya ce, ni da ban san keke ba ma na haddace ta. Zai bari sai an juyo an fuskanci iska, lokacin da sauran yara suka fara laɓewa a bayan juna, sai ya miƙe ya taka, ya tafi abinsa. Yana da sha huɗu ya fi ubansa tsawo, ga gemu ya fara tsirowa, cinyarsa ɗaya ta yi biyun ta wasu. Yaran nan in sun gan shi a layin farawa sai ka ga jikinsu ya yi sanyi tun ba a busa ba.

Kai, na ji daɗin shekarun nan. Ban taɓa jin daɗin zaman ƙasar nan kamar lokacin ba. Mu yi asuba a hanya, gari yana wayewa a kan rairayi, ƙarar sarƙoƙi da tayoyi kamar ana tankaɗe. Na koyi bugun iska a taya, na koyi wanke ƙujewa a bakin titi ba tare da na yi masa faɗa ba. Nakan dama kunun gyaɗa in cika babban fulas, in an gama tsere yaran kowace ƙasa su yi layi a bayan motata da kofuna. Wata yarinya 'yar Turawa har cewa take in ƙara mata tsamiya. In muna dawowa, sai bakin da ya ƙi buɗewa da safe ya buɗe. Ya ba ni labarin kowace kwana, wa ya so bin sa, wa ya sare, har mu iso gida ban sa baki ba. Mu tsaya a kasuwa in sayi kankana, shi yana biye da ni da takalmin kekensa yana ƙwas-ƙwas a kan siminti, mutane suna kallo, ni kuwa ina tafe ina hura hanci.

Kofunan da yake ciyowa a tsere a gidana suke zama, don Yaya ba zai jera kayan yabon ɗan fari a falonsa baƙi su gani ba. Bai taɓa zuwa kallo ba. Amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai wayata ta yi ƙara. "Kun dawo lafiya?" In ce lafiya lau. Ya yi shiru. In yi shiru, da gangan. Sai ya ce, "To… ba wata matsala dai?" In ce babu. Sai na ja masa rai sosai sannan in ce, "Ya ci." Ya ce, "To," ya kashe. Matarsa ta ce mini ranar yakan ƙara tuwo.

Hausawan Doha kuwa suka ɗauki abin da zafi. In an haɗu a walima ko suna, likitoci da malaman jami'a, har direbobi da masu gadi da muke haɗuwa da su a Idi, kowa tambayarsa ina zakaranmu. Ni ce mai ba da labari, kuma ba na ragewa. Na faɗa a gaban kowa cewa wata rana a talabijin za su gan shi yana ɗaga hannu a gaban Turawa. Na yarda da abin da nake faɗa har cikin zuciyata.

Da ya zo gama sakandare sai magana ta tashi. Yaya ya riga ya gama shirinsa, injiniyanci yaron zai karanta. Shi kuma ya zo ya durƙusa a gabana ya ce keke yake so ya zama sana'arsa, kuma ba a zama ɗan tseren sana'a a Doha, sai an je Turai. Na ce bari in fara jin ta bakin kocinku, in samu abin da zan riƙe in tunkari ubanka.

Kocin wani dattijon Bature ne da ya yi tsere a ƙuruciyarsa, rana ta gasa masa fuska, ba ya dariya sai dole. Na same shi bayan atisaye yana loda kekuna a mota. Na ce masa magana ɗaya nake so, yaron nan zai kai ko ba zai kai ba? Ya ce bai sani ba. Na ce kamar yaya ba ka sani ba, kai da kake miƙa masa kofi da hannunka? Ya ajiye keken da ke hannunsa ya ce, "Yaron da ke cin tsere yana da sha huɗu, sau da yawa abin da cin yake nunawa shi ne ya riga tsaransa girma. Su ma za su girma. Na ga waɗanda suka ci komai suna yara suka kai, na ga waɗanda suka ci komai suka ɓace, na ga waɗanda ba su taɓa cin ko ɗaya ba suka zo daga baya suka wuce kowa. Yana da ƙarfi, yana da haƙuri. Amma tudun da ya sani a duniya gadar sama ce, kuma bai taɓa shiga tsakiyar mutum ɗari ba. In kina so ki sani, sai ya je inda kowa ya gama girma."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata hassada ce kawai, don ba ɗansu ba ne. Na shiga mota na buga ƙofa. Yaron ya ce me ya ce? Na ce ya ce ka je.

Ranar Asabar na kwashe kofunan nan kaf na zuba a kwandon wanki, na kinkima sai Al Thumama. Na dire a tsakiyar falon Yaya, ƙarar sai da ta fito da matarsa daga kicin. Na ce, "Yaya, ga shaidata." Ya sauke tabarau ya dubi kwandon. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya mayar. Ya ce, "Su nawa ne suke yin tseren?" Na ce da yawa. Ya ce, "Da yawa nawa? Sun cika aji ɗaya?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce, "Wanda ya zo na ɗaya a aji guda kike so in ajiye wa karatu?" Nan fa na tashi. Na ce kai da ko sau ɗaya ba ka taka ka je ka gani ba, da wane baki za ka raina? Na faɗi wadda ta dace da wadda ba ta dace ba, matarsa tana ta ba ni haƙuri. Shi dai yana zaune. Da na gaji na yi shiru, ya ce, "Ki faɗa masa na ba shi shekara biyu. In wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki, aiki na gaske, to. In ba haka ba ya dawo ya kama littafi. Khalas, magana ta ƙare."

Haka ya tafi Beljiyam, wurin wani tsohon abokin kocin da ke ajiye matasa masu neman sa'a. Ni na kai shi filin jirgi, keken a cikin akwatinsa. Na cusa masa kilishi da yaji da garin kunu. Na ce kofin farko nawa ne, kar ka ba kowa.

Shiru babu kofi. Tseren farko bai ma ƙarasa ba, an cire shi don an yi masa nisa. Na biyu ya faɗi a kwana, ruwan sama ake, titin duwatsu ne mai santsi. Na uku ya ƙarasa, amma da ya faɗa mini na nawa ya zo sai da na ce ya maimaita. Na ce me ke damunka, ba ka cin abinci ne? Ya ce, "Gwaggo, a nan duk wanda kika gani a layi zakaran garinsu ne. Kowa da kwandon kofunansa a gida." Ya ce titunan ƙanana ne, mutum kusan ɗari biyu kafaɗa da kafaɗa, ana zagi ana ture juna. In ya miƙe ya taka irin yadda ya saba, ya waiga, sai ya ga duk suna nan a bayansa, wani ma yana cin biskit. Wannan maganar biskit ɗin ta daɗe tana ci mini rai.

A Doha kuma ba a fasa tambaya ba. "Ya zakaranmu?" In ce yana nan yana sabawa da sanyi. Da shekara ta zagayo sai tambayar ta sauya murya, aka koma yi mini kamar masu jaje. "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Wata matar likita har da dafa ni tana cewa ai dama wasan yara ne. Na ce mata ta sauke hannunta. Yaya kuwa bai fasa kiran Juma'a ba. "Kin ji daga wajensu?" In ce lafiya lau yake. Ba na ƙara komai, shi ma ba ya tambaya.

A shekara ta biyu ya daina faɗuwa, ya daina makara, yana ƙarasawa cikin jama'a. Amma ci, ko sau ɗaya. Na fara shirya yadda zan lallashe shi ya koma makaranta ba tare da zuciyarsa ta karye ba.

Da wa'adin ya cika ya dawo, gidana ya fara sauka. Na buɗe ƙofa na ga wani dogon mutum ramamme, kumatu sun faɗa, ga tabo a haɓa da gwiwar hannu. Na ce innalillahi, me suka yi maka? Na zuba masa tuwon shinkafa da miyar taushe, na zauna ina kallonsa yana ci. Sai da ya wanke hannu ya ce, "Gwaggo, wata ƙungiya tana so ta ɗauke ni. Ƙarama ce, amma ta sana'a ce." Na miƙe tsaye. Na yi guɗa har maƙwabciyata ta leƙo. Na ce ina kocin nan yake, yau sai na je na same shi. Yaron ya ce, "Zauna tukuna ki ji aikin."

Ya ce a kowace ƙungiya mutum ɗaya ake so ya ci, wani lokaci biyu. Sauran duk masu yi masa hidima ne. Shi aikinsa ya shiga gaba ya tare wa wancan iska, don wancan ya adana ƙarfinsa. In ruwa ya ƙare, ya koma baya wurin motar ƙungiya ya karɓo goruna, ya cusa a riga ta gaba da baya, ya sake kutsawa ya raba wa kowa. In tayar wancan ta fashe, ya cire tasa ya ba shi, shi ya tsaya a bakin titi ya jira. In an kusa ƙarshe kuma ƙarfinsa ya ƙare, ya kauce ya ba da hanya, ya ƙarasa a hankali.

Na ce, "To kai yaushe za ka ci?"

Ya ce, "Ba a ɗauke ni don in ci ba."

Tabɗijam! Na ce ɗan ga-ruwa? Ɗan ga-ruwa suke so su mayar mini da kai? Duk asubancin da na yi, duk sanyin da na sha a bakin titi, don ka je ka riƙa ɗebo wa 'ya'yan wasu ruwa? Ko don sun ga fatarka ce? Ya ce a'a wallahi, yawancin masu wannan aikin 'yan ƙasar ne, wasu sun tsufa a ciki ba su taɓa cin tsere ba, kuma ana girmama su. Na ce su ta shafa. Na ce ni dai wannan saƙon ba da bakina zai je wa ubanka ba. Ya ce, "Gwaggo, suna jiran amsa. In ba ke ba wa zai kai?" Na ce ka nemi wani. Ya sunkuyar da kai. Na shige ɗaki na bar shi a falo.

Ban daɗe a ciki ba na sake tunani. Na ce ai gara ma in kai. Yaya da ya raina kofuna, in ya ji ɗansa zai koma ɗauko ruwa, shi da kansa zai kashe maganar, yaron ya dawo ya yi karatu da mutuncinsa. Na fito na ce yalla, tashi mu je.

Muka same shi a falo bayan la'asar. Yaron ya gaishe shi ya zauna a ƙasa can bakin ƙofa. Ni na zauna a kujera na zayyana komai, ban rage ba, na ma ƙara gishiri. Na ce riga cike da goruna kamar jakin 'yan ruwa. Na ce ya cire tayarsa ya ba wani ya tsaya a titi kamar maraya. Na gama na naɗe hannu ina jira.

Yaya bai dubi inda yaron yake ba. Ni ya kalla ya ce, "Tambaye shi, su suka neme shi ko shi ya roƙe su?"

Ga yaro a zaune, taku kaɗan tsakaninsu. Na juya na ce, "Ka ji."

Ya ce, "Su suka neme ni."

"Tambaye shi, me suka gani?"

"Sun ce ba na tsoron iska. Kuma in aka ce in tsaya a wuri, ana samuna a wurin."

"Tambaye shi, ya iya aikin?"

Yaron ya ɗago kai, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban ubansa ba. Ya ce, "Na iya."

Yaya ya jingina. Ya ce, "Tun da aka fara harkar keken nan, yau ne na fara jin abin da ya yi kama da sana'a." Na ce Yaya, ka ji abin da na faɗa kuwa? Ruwa fa zai riƙa ɗaukowa. Ya ce, "Na ji. Ni tun da nake aiki a ƙasar nan wa ya taɓa ba ni kofi? In an buɗe sabon wuri wasu ne ke yanka kyalle a ɗauke su hoto, mu muna can baya muna duba bututu. Ke a asibitinku, in an yi aiki lafiya sunan wa ake kira, naki ko na likita?" Na ce kar ka kawo ni cikin wannan. Ya ce, "Na ce in an ɗauke shi aiki na gaske. An ɗauke shi. Ce masa ya je."

Ban ce ba. Karo na farko ke nan da aka ba ni saƙo na riƙe. Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Yaron ba ubansa yake kallo ba, ni yake kallo, kuma na gane ba zai tashi ba sai ya ji daga bakina. Idona ya cika. Na ce, "To ka ji. Ka je."

Yana can har yanzu. Ba babbar ƙungiya ba ce, ba kullum ake nuna su ba, amma in za a nuna yakan turo mini inda zan kalla a waya. Na koyi gane shi ta faɗin kafaɗa. Yawanci a tsakiyar tsere ake ganinsa, a gaba, baki buɗe, dogon layin mutane a laɓe a bayansa. In an zo ƙarshe, lokacin da mai sharhi ke ta ihu, ba ya nan. Hausawan Doha sun daina tambaya, don ba su san me za su ce ba. Ba a ce masa barka, ba a ce masa jaje. Wani ya tambaye ni ko kocin nan ya yi gaskiya ke nan. Na ce ban sani ba, kuma har yau ban gaishe shi ba.

Kwanakin baya wanda yake yi wa hidima ya ci wani tsere. Ina cikin mota a harabar asibiti, saura kaɗan in karɓi aikin yamma, na kalli ƙarshen. Bature ya ɗaga hannu sama, aka rungume shi, aka ba shi fure. Nawa sai can da daɗewa ya shigo, shi da wasu 'yan tsiraru, fuska duk taɓo, babu mai kallonsu. Jim kaɗan ya kira ni, murya a dishe, yana murna. "Gwaggo, mun ci!"

Na ce, "Kun ci, ko ya ci?"

Ya yi dariya ya ce duk ɗaya ne. Na ce ni ba ubanka ba ce, kar ka yi mini wannan. Faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah, ba ka kewar ci?

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Sai ya ce, "Ina yi, Gwaggo. Duk ranar da na ga ya ɗaga hannu sai ƙirjina ya yi nauyi. Na san yadda abin yake, kuma na san ba zan ƙara ji ba." Ya ja numfashi. "Amma gobe akwai wani tseren, kuma ni zan ɗauko masa ruwan."

Na ce Allah ya tsare, ya ce amin. Na kife wayar a cinya, na yi kuka mai isata, sannan na goge fuska na shiga aiki.